Buzu a Ƙarƙashin Kwamfuta

"Bappa ya ce kada mutanenka su zo ran Jumu'a."

Da wannan maganar Rahmatu ta faɗo shagon Siddiƙu a Kalgo, sallama ma sai daga baya ta tuna ta yi. Siddiƙu yana tsaye kan wani tsohon talabijin da ya buɗe wa baya. Ya ajiye sukudireba a hankali, ya dube ta. Idanunta sun yi jawur, da gani ta sha kuka a motar haya tun daga Gwandu.

"Zauna tukuna. Mi yaf faru?"

"Ba ni zama. Cewa niy yi za ni ofishin ilimi Birni, in an gane nan niz zo na shiga uku." Ta share hawaye da bakin gyale. "Kwamfuta ta mutu, Siddiƙu. Tun ran Lahadi. An kunna, gilashin baƙi ƙirin, ko ɗigon harafi babu. Littafin Baba dut ya tahi."

"Bai tahi ba."

"Yaya Basharu ya ce ya tahi! Ya ce ya tambayi masu sani, sun ce katin da ka hidda hoto ga gilashi anka cire daga cikinta, anka sa ruɓaɓɓe. Ya ce ba wanda ka buɗe ta sai kai."

Siddiƙu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska. A duniya an kira shi sunaye iri-iri, ɗan masunta, mai ƙarnin kifi, yaron kanikawa, duk ya haɗiye. Ɓarawo ne dai ba a taɓa ce masa ba sai yau.

"Ni? Ran Asabar lahiya lau nib bar ta. Malam, Bappanki, da kai nai ya shigo, yat tambaye ni in an kashe gilashi ina rubutun ka kwana. Nin nuna mai akwatin da ag ga ƙasa ƙarƙashin tebur, nic ce nan ciki shike. Bai ce min komi ba, yah hita." Ya matso kusa da ita. "Ke kin yarda na ɗauka?"

"Da na yarda da ba ka gan ni nan ba." Kuka ya ƙwace mata. "Amma yardata mi za ta yi muna? An kulle ɗakin, an hana ni shiga. Goggo Azumi tun sahe har dare ba ta da zance sai naka. Wata bakwai muna roƙon Bappa, sai da yas saki baki yab ba da ranar neman aure, sannan wanga abu shi taso? Ni na gaji, wallahi na gaji."

"Koma gida. Gobe da hantsi ina Gwandu."

"Za su wulaƙanta ka."

"Sun daɗe suna yi. Gobe ko da dalili."

Mai karatu, bari in gaya maka yadda abin yake. Gidan su Rahmatu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, irin gidajen Gwandu da in sun fara lissafa maka asali sai shayinka ya huce. Mahaifinta, Malam Lukuman, ya rasu ya bar wani sharhi da ya shekara ashirin yana rubutawa da hannunsa, gara kuma ta fara yi wa takardun ɓarna. Rahmatu, malamar firamare ce mai shekara ashirin da huɗu, ita ta ɗauki alwashin kwafe shi. Basharu ɗan goggonta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda ya daɗe yana sonta ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba, shi ya sayo kwamfuta ta hannu a farkon shekarar 1998 don ya burge. Ya dai iya saye, kunnawa ce ta gagare shi. Dole aka nemo mai gyara daga Kalgo ya saka mata haruffan Larabci, ya koya wa Rahmatu bugawa. Basharu da hannunsa ya kawo wa kansa abokin takara har cikin gida, abin da har gobe bai yafe wa kansa ba.

Shi kuwa Malam Atiku, ƙanen marigayin, wanda take kira Bappa, shi ya riƙe Rahmatu, kuma aurenta a hannunsa yake. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka tunda aka haife ta bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Uwata yake ce mata, ko yana faɗa ko yana wasa. Yana sonta, wannan ba shakka. Amma ɗan masunta a zuriyarsu, abin ya tsaya masa a wuya.

Washegari Alhamis da hantsi Siddiƙu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan, jakar kayan aiki a kafaɗa. A zaure ya tarar da Basharu, an sha shadda an karya hula.

"A'a, ɓarawo da sallama! Ka dawo ɗaukar sauran?"

"Wurin Malam niz zo."

"Malam ba shi ganin irinku."

"Bar shi shi shigo." Muryar Malam Atiku ce daga ciki.

Siddiƙu ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Malam ya amsa a daƙile, idonsa a kan carbi. Dattijo ne siriri, fari, mai ɗan gemu. Yau kuwa duk ya faɗa, kamar wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba.

"Allah gafarta Malam, ba zancen Jumu'a yak kawo ni ba. An ce na yi sata cikin gidanga. Ina roƙon a buɗe ɗakin, in duba na'urar gaban kowa. In ta tabbata ni na, a kai ni wurin alƙali."

"Kada a bari shi taɓa ta!" Goggo Azumi ce ta bankaɗo labule, mace mai jiki da murya. "Atiku, kai da hankalinka? Wanda yac cinye maka tuwo shi za ka ba ajiyar miya? Shi sake sa hannu shi ɓadda sawu?"

Malam ya laluba aljihu ya fito da makulli.

"A tada janareto," ya ce.

Ɗakin marigayin ƙarami ne, kantocin littattafai har rufi, yana ƙanshin tsohuwar takarda da turaren wuta. Gilashin kwamfutar yana kan tebur, an shimfiɗa wa teburin zane mai sauka har ƙasa, akwatin kuma yana ƙarƙashi. Malam ya zauna a kujerar yayansa. Basharu ya harɗe hannu a jikin bango, Goggo ta cika ƙofa, Rahmatu tana bayanta, rabin fuskarta kawai ake gani.

Siddiƙu ya zura hannu ta ƙasan zanen ya danna makunni. Fanka ta fara juyawa. Sai akwatin ya yi kuka, ɗaya dogo, biyu gajeru. Gilashin bai motsa ba.

"To, kun gani!" in ji Basharu.

"Mun ji dai," Siddiƙu ya ce. "Wanga kuka magana ta. Tana cewa raina lahiya, hoto na ban iya hiddawa."

"Yanzu kuma da ƙarhe kaka magana? Dama an ce masunta da aljannun ruwa suka aiki," Goggo ta ce.

Siddiƙu ya nuna 'yar fitilar da ke jikin gilashin. "Malam, dibi wagga. Ta kama, sai dai ruwan goro ta nuna maimakon kore. Ke nan gilashi na samun wuta, saƙo na bai iso mai ba. Laihin ko ga waya shike, ko ga kati."

"Kati dai. Wanda kac cire," Basharu ya ce.

"Kai ka san kamanninsa?"

Basharu ya kau da kai gefe. Rahmatu ta sunkuyar da kai, ita kaɗai ta san abin da take ɓoyewa a bayan gyale.

Siddiƙu ya kashe wuta. Ya bi wayar daga bayan gilashin da yatsunsa, ya tarar ta saɓule kaɗan a wurin da ta ratsa ramin da aka huda a bayan teburin, robar ta kurje kamar an ja ta da ƙarfi. Ya ɗan tsaya. Sannan ya durƙusa, ya cusa kansa ƙarƙashin zanen don ya kwance ta daga jikin akwatin.

A nan ya ga abin da ba wanda ya gani.

Akwatin ba a kan siminti yake ba kamar yadda ya bar shi. An shimfiɗa masa buzu, an ninka biyu, an gyara gefensa tsaf. Farin buzu ne mai baƙin tabo a kusurwa. Duk wanda ya taɓa gaida Malam Atiku a zaure ya san buzun nan, kuma yau da Siddiƙu ya durƙusa gaisuwa, a kan tabarma tsura ya tarar da dattijon.

Ya tuna tambayar ranar Asabar, ya tuna yadda fuskar Malam ta canza da aka nuna masa akwatin. A gidan nan ko guntuwar takarda mai bisimilla ba ta kwana a ƙasa. Wata bakwai dattijon yana zaton rubutun yayansa a cikin gilashi yake, a bisa tebur, a wuri mai daraja. Sai aka wayi gari aka ce masa ayoyi da hadisan nan duk a ƙasa suke, inda ƙafafu ke miƙewa. Ya jira ɗaki ya zama ba kowa, ya zo shi kaɗai ya ciccibi akwatin zai ɗora a kanta, wayar da aka ɗaure da kusoshi biyu ta riƙe shi, ya fizga. Da abin ya ƙi, ya mayar, ya shimfiɗa masa buzunsa don ko ba komai ya raba shi da ƙasa.

"Mi kaka yi ciki? Ko kana sa wani abu aljihu?" Basharu ya daka masa tsawa.

Siddiƙu ya jawo akwatin waje shi kaɗai, ya tura buzun can ciki da gwiwarsa, ya saki zanen ya rufe. Da ya ɗago, idonsa ya haɗu da na Malam. Carbin ya tsaya cak a hannun dattijon.

Ya kwance kusoshi huɗu, ya zare murfin. Ga katin nan, kore, faɗin tafin hannu. Ƙarfen da ya riƙe shi ya lanƙwashe, gindinsa ya ɗago daga raminsa, haƙoransa masu ruwan zinariya rabi a ciki rabi a waje.

"Ga katinku. Ba wanda yas sace shi. Gocewa yay yi."

Ya zare shi, ya miƙar da ƙarfen da filaya, ya ciro robar goge fensir ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli. Ya hure ramin, ya saita katin, ya danna da manyan yatsunsa biyu sai da ya ji ya zauna daram. Ya ɗaure, ya mayar da waya, ya ce bisimilla ya kunna.

Kuka ɗaya, gajere. 'Yar fitilar ta koma kore. Fararen haruffa suka fara gudu a kan gilashin.

Rahmatu ba ta san lokacin da ta ratsa ta gefen Goggo ba. Ta ja madannin haruffa, ta buɗe littafin. Shafin farko na sharhin mahaifinta ya cika gilashin, da sunansa a sama. Ta dafe baki ta fashe da kuka, irin kukan da ke fitowa da dariya a cikinsa.

Ka ce magana ta ƙare ko? Ai ba ka san Goggo Azumi ba.

"To, ruwa dai ba shi tsami banza. Kati na da ƙahwa da za shi goce da kai nai? Wa yat taɓa shi?"

"Shi za a tambaya," Basharu ya karɓe, ya samu abin kamawa. "Kai kac ce ka san maganar ƙarhe. Hwaɗa muna, wa yal lanƙwasa shi?"

Siddiƙu ya dubi Rahmatu. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ɗaga zanen nan kawai, sunansa ya wanku tas. Sai dai zai tsiraita dattijo mai shekara saba'in a gaban ƙanwarsa da ɗanta, a ɗakin yayansa, kuma dattijon nan shi ya yi wa Rahmatu uba. Ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

"Ni na," ya ce. "Ran Asabar na matsa akwatin in share ƙura, ban lura waya ta ɗaure ba. Gangancina na. A gahwarce ni."

"Siddiƙu!" Rahmatu ta juyo. Tana nan ranar Asabar, ta san bai matsa komai ba.

Goggo ta rangaɗa guɗa. "Kun ji da baki nai! Kwana huɗu gidanga ba barci sabadda sakarcin ɗan masunta. Wanga za a ba amanar ɗiya, wanda bai iya riƙon amanar ƙarhe ba? Atiku, ka dai ji."

"Na ji," Malam ya ce. Ya miƙe tsaye da ƙyar. "Ƙarya shikai."

Basharu ya washe baki. "Dama na hwaɗi..."

"Ruhe min baki!" Dattijon ya sunkuya, ya yaye zanen teburin da kansa, ya jawo buzun ya ɗaga shi kowa ya gani. "Ni niɗ ɗauki akwatin. Ni nij ja wayar. Ban iya barci ba, maganar Allah tana ƙasa, ƙahwahu na shurin ta. Da gilashin yam mutu, na ɗauka da hannuna nik kashe aikin yayana na shekara ashirin."

Goggo ta nemi guɗarta ta rasa inda ta ajiye. Basharu ya shiga gyara hular da ba abin da ya same ta.

Siddiƙu ya sauke ajiyar zuciya, yana zaton an zo ƙarshen wahala. Amma kunya mugun abu ce a zuciyar babba, in ta rasa mafita sai ta koma faɗa. Malam ya juyo kansa, idanunsa sun kaɗa.

"Kai kuma, wa yas sa ka? Na roƙe ka sutura? Ka tsaya gaban rubutun yayana, gaban ayoyin Allah, ka shirga ƙarya ko ƙyafta ido ba ka yi ba. Wanda ka iya wanga yau, gobe mi za shi hwaɗa ma matatai? Ban ba maƙaryaci ɗiya."

"Allah gafarta Malam..."

"Ɗau jakarka."

Siddiƙu ya sunkuya ya fara tattara sukudirebobinsa. Ya ɗauki robar goge fensir ta suɓuce, ya sake ɗauka.

"Bappa."

Rahmatu ce. Ta tashi daga gaban gilashin, hawaye yana zuba amma muryarta ba ta rawa.

"Uwata, shiga gida."

"Ba ni shiga sai na hwaɗi. Shi ƙarya guda yay yi, don kada a ga tsiraicinka. Kai hwa? Kwana huɗu ana ce mai ɓarawo cikin zaurenka, cikin kasuwa, har masallaci an kai zancen. Kana zaune, kana ji, ka san ba shi na ba. Ka soke ranar da kab ba uba nai, tsoho ya riga ya gayyaci dangi. Kai kak koya min shaidar zur ba sai da baki akan yi ta ba. To wanga shiru naka na kwana huɗu, mi as suna nai?"

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dafe ƙirji. "Ɗiyar Lukuman ta ka gaya ma Atiku haka? Sabadda namiji?"

Malam ya tsaya riƙe da buzunsa yana kallon yarinyar da ya goya a kafaɗa, ya koya mata alifun ba'un a wannan ɗakin. Rahmatu kanta sai da maganar ta gama fita ta ji nauyinta, ta zube a ƙasa ta kama gefen rigarsa.

"Bappa, ka yahe min, ban..."

Ya janye rigarsa a hankali. Ya dubi Siddiƙu.

"Akwatin ga, ana iya ɗora shi bisa ba tare da ya mutu ba?"

"Ana iyawa, Malam. Sai an kwance wayoyi tukuna."

"Ɗora shi."

Siddiƙu ya kashe, ya kwance wayoyin, ya ɗauki akwatin. Malam da kansa ya kwashe littattafai daga kantar da ke daidai da tebur, ya shimfiɗa buzun, aka ɗora. Aka mayar da wayoyi, aka kunna, shafin ya dawo. Dattijon ya daɗe yana kallon sunan yayansa.

"Ka ce ma ubanka gobe bayan la'asar," ya ce, bai juyo ba. "Ranar da nib ba shi tana nan. Na zalunce ka, ba ni son in tashi da hakkinka gaban Allah. Amma kada ka ɗauka sonka nikai."

"Atiku, in kay yi haka ba ni ba gidanga!" Goggo ta ce, ta fizgi hannun ɗanta suka fice, tana tafe tana Allah ya isa.

Malam ya nufi ƙofa. Rahmatu tana durƙushe inda ya bar ta, ta ɗago kai tana jiran ya ce mata ko da kalma ɗaya, ko zagi ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ajiye makullin ɗakin a kan tebur kusa da ita.

"Ga makullin ubanki. Kin samu abin da kika so, Rahmatu."

Ya fita.

Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Ta bi bayansa da rarrafe har bakin ƙofa tana kiran Bappa, Bappa, bai waiwayo ba. Siddiƙu yana tsaye da jakarsa a hannu, an ba shi Jumu'ar da ya zo nema, ya rasa bakin da zai yi murna da shi.